Sojoji a Kabarin Wendell

Duk wanda ya san Noreen Haskett a garin Harlow, da mijinta Wendell ya san ta, kuma da waƙa ya san su. Shi ke kaɗa jita, ita ke ɗora murya a kai. Ba su taɓa shahara ba. Faifai biyu suka buga tun suna samari, sauran duk a majami'u ne da kasuwannin manoma da ɗakunan taro na makarantu. Da rana ita tana koyar da yara karatu, shi yana gyaran kujeru da tebura a wata rumfa bayan gida, har suka tsufa suka ajiye aiki. Waƙar ce kawai ba su ajiye ba.

Waƙoƙin da suke yi na da ne, irin na masu haƙar kwal da na manoman da fari ya kora daga gonakinsu, sai kuma waɗanda aka tashi da su lokacin yaƙin Vietnam, sa'ad da matasa suka cika tituna suna cewa a dawo da 'yan'uwansu gida. A irin wannan taron ne suka haɗu, a birnin Columbus. Ta gan shi zaune a bakin titi da gashi har wuya, ƙashin wuyansa duk a waje, yana kaɗa jita ba ya kallon kowa. Da ta tambaye shi daga ina, ya ce daga Kanada ya dawo a ɓoye, can ya gudu don kada a sa masa kakin soja. A wancan zamanin, a cikin mutanensu, wannan magana ta fi kowace lamba ta girma. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure.

Ranar Lahadin farko ta kowane wata sukan taru a ɗakin baya na shagon kofin Gus Lindqvist, su tsofaffin da suka rage. Gus shi ne babba a cikinsu, dogo, mai faɗa, ga baƙar magana. Shi bai gudu ko'ina ba. Ya tsaya gaban alƙali ya ce ba zai ɗauki bindiga ba, aka kai shi kurkuku, ya fito da tari da bai rabu da shi ba har yau. Shi da Wendell kullum kujerunsu na kusa da juna. Sai a sha kofi, a ci burodin masara, a zagi kiɗan yaran yanzu da cewa inji ne ke yi, mutum sai tsalle. Gus yakan ce a zamaninsu mutum ɗaya da jita ɗaya sai ya sa dubban mutane su yi shiru, yanzu kuwa mutum goma da lasifika kamar gida ba sa iya sa ko kare ya ɗaga kunne. Yakan dubi Wendell ya ce jitar nan taka ta fi ka haƙora, tsoho, ita ko tsirkiyarta shida na nan. Wendell ya yi murmushi ya ce ai ita ba ta shan kofinka.

Kowane zama da waƙar Wendell ake rufe shi, wadda ya yi a kan wani yaro mai suna Dale, ɗan manomi, da aka harbe a cikin fadamar shinkafa a Vietnam. Amshinta tambaya ce kawai: wa zai je ya buga ƙofar uwarsa? Kafin a fara, Noreen ce ke tashi ta gaya wa jama'a asalin waƙar, yadda Wendell yana zaune a wani ɗaki mai sanyi a Winnipeg ta Kanada ya ga sunan a cikin jarida, ya ƙirƙiro wa yaron gona da uwa da kare. Ta faɗi wannan labari har ta daina jin kanta tana faɗa.

Ciwon daji ne ya kama Wendell, a jini. 'Yarsu tilo, Corinne, ita ta riƙa kai shi asibiti a birni duk ranar Alhamis, don idon Noreen ya daina ganin hanya sosai, shi kuma ya ce ba ya son ta riƙa zaman jira a kan kujerar ƙarfe tana kallon ana zuba masa magani a jijiya. Ya ja shekara biyu. Da kaka, ganyaye sun fara zuba, ya cika da safe a kan gadonsu, hannunsa a cikin nata.

Makabartar na kan tudu a bayan gari. 'Yan shagon Gus duk sun zo da kayan kiɗansu, an shirya cewa da fasto ta gama addu'a za su rera waƙar Dale, sannan a saka shi. Fasto na cikin addu'ar ne wata mota ta tsaya a ƙasan tudun. Sojoji biyu suka fito, namiji da mace, yara ƙanana cikin kakin biki da fararen safar hannu, ɗaya na rungume da tuta a naɗe, ɗaya na riƙe da ƙaho. A bayansu wani tsoho baƙar fata yana dogara sanda, da hula mai lambobi a kansa, yana hawa a hankali.

Abin da Noreen ta fara ji shi ne tausayinsu. Ta ɗauka wani ake binnewa a wani gefen, sun yi ɓatan kai, kuma za su ji kunya a gaban mutane. Gus ne ya tare su, da jitarsa rataye a wuya.

"Yara, kun ɓata hanya," in ji shi. "Wanda ke kwance nan ƙasa guda ya tsallake don kada ya sa irin rigarku."

Wasu suka ɗan yi dariya. Sojojin suka dubi tsohon. Shi kuwa ya tsaya ya mayar da numfashi, ya cire hularsa.

"Ba mu ɓata ba, ɗan'uwa. Sunana Lucius Boyd. Kofur Wendell Haskett muka zo yi wa sallama. Tare muka yi shekara guda a can Vietnam."

Noreen ta buɗe baki za ta ce masa masu irin wannan suna suna da yawa, sai ta ji an riƙe mata hannu. Corinne ce. Ba ta kalli uwar ba, ƙasa take kallo.

"Ni na kira su, Mama."

Daga nan abin da ya biyo baya Noreen ta gan shi ne kamar ta cikin gilashin taga. Ta ga sojojin sun warware tutar sun miƙar da ita a kan akwatin da ita da kanta ta zaɓa. Ta ji an busa ƙahon, sautin na gangarawa har gonakin masara da ke ƙasa. Ta ga sun naɗe tutar da kyau, yarinyar ta zo ta durƙusa a gabanta da gwiwa ɗaya ta miƙo mata, tana faɗin wasu kalmomi na godiya da aka koya mata. Yarinyar na da ɗan ƙurji a haɓa, wannan Noreen ta lura da shi sarai. Amma hannuwanta suka ƙi tasowa daga jikinta. Ba ƙi ta yi da gangan ba, ta rasa yadda ake ɗaga su ne. Yarinyar ta daɗe a durƙushe, har Corinne ta sunkuya ta karɓa.

 Fasto ta dubi Gus, don lokacin waƙa ya yi. Gus ya cire jitar daga wuyansa, ya kwantar da ita a cikin gidanta, ya rufe, ya gangara tudun bai waiwayo ba. Sauran suka tsaya suna kallon juna da kayan kiɗa a hannu. Haka aka saka Wendell Haskett a ƙasa babu wanda ya rera masa ko baiti ɗaya.

A gida maƙwabta sun cika tebur da abinci kamar yadda aka saba, gasasshiyar taliya da naman alade da wake da kek iri-iri, amma kowa ya gaisa sai ya tuna yana da uzuri. Kafin la'asar sai su biyu a kicin. Noreen na zaune da rigarta ta makoki, ko takalmi ba ta cire ba.  Corinne ce ta fara.

Ta ce ita ma ba ta sani ba sai da ciwon ya zo. Likita ya tambaye shi ko ya taɓa aiki a inda ake fesa magunguna masu ƙarfi, ya ce a'a. Da suka fito suka shiga mota, ya ce ta juya ta bi wata hanya. Ta tambaye shi ina, ya ce asibitin tsofaffin sojoji, can aka san wannan ciwon, daga maganin da jirage suka riƙa fesa wa daji ne don ganye ya zube. Ta ce ta ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa masa kai. Da ta gane da gaske yake, sai da ta tsaya a gefen titi. Duk Alhamis ɗin nan can suke zuwa. Ya roƙe ta kada ta faɗa, ta ce masa ya faɗa da bakinsa, ya yi alkawari, ya sake yi, bai iya ba. Maganar sojojin kuwa shi ya nema, ana sauran 'yan kwanaki. Ya ce tunda bakinsa ya gaza, a bari ta gani da idonta.

"Wato ya ajiye mini maganar a bakin kabari," in ji Noreen, "inda ba zan iya ba shi amsa ba."

"Tsoronki yake ji, Mama."

"Tsorona? Ni da ke yanke masa farce?"

Corinne ta ce ta tambaye shi dalili, abin da kawai ya ce shi ne ranar da suka haɗu, kafin ta zo wurinsa, ya ji ta tana magana a kan wata babbar mota.

Noreen ta manta da wannan tun tuni, amma yanzu ta tuna shi daki-daki. Shekararta ashirin, an miƙo mata lasifika, jama'a na ihu, ita kuma jininta na tafasa. Ta ce duk wanda ya yarda ya ɗauki bindiga ya shiga ƙauyen mutane, ko tilasta shi aka yi, hannunsa da jini, ita ba za ta ci abinci a tebur ɗaya da shi ba har ta mutu. An yi mata tafi sosai. Ta sauko tana jin kanta a sama, ta ga wani ramammen saurayi da jita, ta je ta tambaye shi daga ina. Ashe bai daɗe da barin aikin soja ba.

Ta tashi ta shiga ɗakinsu ta zauna a bakin gado. Abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba. Matar gidan hayar Winnipeg da ke dafa masa miyar kabeji, wadda har sunanta ta sani, har ta taɓa cewa su kai mata ziyara ya ce ta rasu. Tabon da ke cinyarsa, da ya ce zarton injin katako ne. Yadda duk ranar bikin 'yancin ƙasa, kafin a fara wasan wuta, yakan ɗauki ƙugiyar kamun kifi ya tafi can cikin daji bakin tafki, yana cewa shi ba ya murna da ƙasar da ke tura 'ya'yanta mahallaka. Ita kuma ta riƙa gaya wa ɗalibanta wannan a matsayin misalin mutum mai aƙida. Ta dubi matashin da ya kwanta a kai shekara hamsin da wani abu. Ba fushi take ji ba tukuna. Ji take kamar ta taka matakala a cikin gidanta ta tarar babu.

Bayan 'yan kwanaki ta je shagon Gus. Ya zuba mata kofi bai zauna ba. Ya ce ba zuwa yaƙin ne ya dame shi ba, ai sojoji da yawa sun dawo sun shiga sahun gaba a zanga-zanga, wasu a keken guragu, kuma su ne aka fi saurara. Da Wendell ya faɗa tun farko, shi da kansa zai ɗauke shi a kafaɗa. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne kujerar da Wendell ya riƙa zama a kai kusa da shi. Shi ya kwana a kurkuku, mahaifinsa ya mutu bai yi masa magana ba, mutanen gari sun fasa masa gilashin shago suna kiransa matsoraci, kuma duk shekarun nan mutum ɗaya yake ganin ya san wannan ɗacin, sai ga shi ɗan wasan kwaikwayo ne. Yana faɗa tarin ya sarƙe shi. Noreen ba ta kare mijinta ba, don ba ta da abin karewa da shi. Da Lahadin farko ta zo, ɗakin baya a kulle yake, kuma ba a sake buɗe shi ba.

Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Ta daina ɗaukar wayar Corinne na wani lokaci, daga baya ta koma ɗauka, suna maganar magani da kuɗin wuta kawai. Wata rana da hantsi ta ciro tsohon faifansu ta ɗora, ba don marmari ba, don ta ji ko za ta kama shi yana ƙarya a cikin muryarsa. Da aka zo kan waƙar Dale ta zauna ta saurari kalmomin kamar baƙuwa. Akwai matsattsaku da ke shiga ta ramin igiyar takalmi. Akwai yadda ruwan fadama ke yin ɗumi da rana kamar ruwan wanka. Akwai yaron da ke kwance yana roƙon a buɗe masa gwangwanin 'ya'yan itacen da ya ɓoye a jakarsa tun mako biyu yana jiran ranar haihuwarsa. Babu jaridar da ke rubuta irin wannan. Da bakinta ta rera waɗannan kalmomi sau ba adadi, tana kallon mutane na share hawaye, tana alfahari da basirar mijinta, shi kuwa yana gefenta da kai a sunkuye. Ta ɗage allurar daga kan faifan, ta daɗe tana riƙe da ita a sama, ta rasa inda za ta ajiye.

Sai da bazara ta fara, ƙanƙara ta narke, ta karɓi lambar Lucius Boyd daga wurin Corinne. Ta hau motar safe zuwa Toledo ita kaɗai. Matarsa Odessa ce ta buɗe ƙofa, ta rungume ta kamar sun san juna, ta zaunar da ita a barandar baya inda tsohon ke shan rana.

Bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce Dale Whitcomb mutum ne na gaske, ɗan Kentucky, shekararsa goma sha tara. Wendell ne ya goya shi ya ratsa fadamar da shi ana harbi, a nan ya samu raunin cinya, kafin su kai busasshiyar ƙasa yaron ya cika a bayansa. Da aka sallame su, Wendell ya hau mota har ƙauyen su Dale, ya sami gidan, ya tsaya a bakin shinge yana kallon matar tana shanya kaya. Ta ɗago ta tambaye shi ko yana neman wani. Ya ce ɓatan hanya ya yi, ya juya. Wannan duk a ɗakin jiran asibiti Wendell ya gaya masa, inda suka sake haɗuwa bayan shekaru, sun tsufa, kowa da jakar magani a hannu.

Noreen ta dubi shingen maƙwabta. Can ta yi tambayar da ta taso da ita tun daga gida.

"Ya kashe mutane?"

"Ƙwarai, uwargida. Dukanmu mun kashe. Akwai wanda ya gani da idonsa, wani dattijo a bakin rijiya, ya ɗauka bindiga ce a hannunsa, ashe fartanya ce. Wannan bai sa shi a waƙa ba."

 Odessa ta kawo ruwa ta tsaya a bayan Noreen ta dafa mata kafaɗa. Yara na wasan ƙwallo a wani gida, ana jin ƙarar tana bugun bango. Da Noreen ta sha ruwan, ta ce ita ba ta san wannan mutumin ba, ko a hoto ba ta taɓa ganinsa da gajeren gashi ba. Ta roƙi Lucius ya gaya mata yadda yake a lokacin, ba na yaƙin ba, shi kansa.

Tsohon ya jingina da kujera, sai dariya ta kama shi har kafaɗunsa na girgiza. Ya ce kunnuwa ne da shi kamar na jemage, shi ya sa ya tara gashi daga baya, babu wata aƙida a ciki. Ya ce Dale ne mai kiɗa a cikinsu, shi ya fara ɗora wa Wendell yatsu a kan tsirkiya, kuma ba a taɓa yin ɗalibi mai taurin kai irinsa ba. Murya kuwa, kwaɗon fadama ya fi shi. Idan ya fara rerawa da yamma, 'yan tantin sukan tara masa sigari don ya yi shiru, ya karɓe, ya ci gaba.

Noreen ta ji dariya ta kufce mata, irin wadda ba ta yi ba tun kaka, tana yi sai ta rikiɗe ta zama kuka, ta kifa kai a kan tebur ta yi mai isarta. Suka ƙyale ta. Da ta ɗago ta share fuska, ta ce ya ci gaba. Ya ci gaba, tana tambaya yana ba ta amsa, har inuwa ta rufe barandar. Odessa ta leƙo ta ce motar yamma ta riga ta wuce, ta shimfiɗa mata a ɗakin 'yarsu, su taso su ci abinci tun bai huce ba.